Windows ko Linux a kwamfutocin kamfani: abin da za a auna kafin a ƙaura

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Kwamfutocin ba su mutu ba, har gobe in an kunna su za su tashi, amma duk kafar da masu kutse suka gano a cikinsu daga wannan rana babu mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na biyan kuɗi. Shi ma shirin shekara uku ne iyakarsa ga kamfanoni, kuma kuɗinsa ninkawa yake yi kowace shekara. Ita kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta take hawa ba. Tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, tana kuma neman furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Sai mai kamfani ya wayi gari da kwamfutoci talatin ko arba'in masu lafiya ƙalau, suna aikinsu babu ko tari, amma an ce masa sun tsufa. A nan ne maganar Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, take shigowa, kuma ta cancanci a zauna a auna ta da kyau, domin na ga waɗanda ƙaurar ta yi wa rana, na kuma ga waɗanda suka koma inda suka fito bayan wata uku da asarar kuɗi da ɓacin ran ma'aikata.

Linux manhaja ce ta buɗaɗɗen tushe, wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake. Kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Linus Torvalds ne ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma lasisin GPL da ake raba ta da shi bai hana kamfani ya sa ta a kwamfuta ɗaya ko dubu ba, bai kuma nemi sisin kwabo ba. A ɓangaren manyan kwamfutocin da ke riƙe da fayiloli da shafukan intanet, waɗanda ake kira saba, an daɗe da gama gardama. Tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita, kuma ita ce a ƙarƙashin kowace wayar Android. Saboda haka in tambayarka a kan sabar ajiye fayiloli ce ko ta shafin kamfani, kada ka ɓata dare kana tunani, Linux za ta riƙe maka. Wahalar tana kan tebur, inda sakatariya da akanta da mai kula da sito suke zaune daga safe zuwa yamma.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne ke fara jan hankali. Mutane da yawa suna ɗauka cewa babban rangwamen yana cikin lasisin Windows. Sau da yawa ba haka ba ne, domin kuɗin lasisin yana cikin kuɗin kwamfutar tun ranar da aka saye ta, an riga an biya. Inda ake samun sauƙi na gaske shi ne a tsawon ran na'urori: kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, Linux za ta hau ta, ta ƙara mata shekaru tana aiki. Sai kuma kuɗin da ake biya duk wata ko duk shekara a kan kowane ma'aikaci domin Microsoft 365, da lasisin Windows Server wanda ake ƙara biyan wani a kansa gwargwadon yawan masu shiga. A ɗaya hannun kuma sai ka rubuta abin da ƙaurar za ta ci: kwanakin horar da ma'aikata, makonnin da aiki zai yi tafiyar hawainiya kafin hannu ya saba, da albashin wanda zai kula da tsarin. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Masu gyaran Windows sun fi yawa, wanda ya san Linux sosai kuwa sai an nema. Kamfanin da ya yi lissafi ya manta da wannan layin, lissafinsa bai cika ba.

Amma abin da ke yanke hukunci a zahiri shi ne manhajojin da ake aikin yau da kullum da su. Babu ma'aikacin da ke zuwa ofis don ya kalli Windows. Yana zuwa ne ya buɗe imel, ya rubuta wasiƙa, ya shigar da ciniki, ya buga rasit. Saboda haka kafin a yi maganar canza komai, a bi tebur-tebur da takarda da biro a tambayi kowa abin da yake buɗewa daga shigowarsa zuwa tashinsa. Kada a tsaya a kan abin da manaja ya ce ana amfani da shi, a duba da ido.

Duk wanda aikinsa a cikin burauza yake, ƙaurarsa ba ta da wani ciwo. Firefox da Chrome suna nan a Linux yadda suke a ko'ina, har Edge na Microsoft akwai. Gmail, Google Docs, Microsoft 365 na intanet, shafin banki, manhajar ciniki da ke kan intanet, duk iri ɗaya ne. Zoom da Slack suna da nasu na Linux. Teams dai Microsoft ta janye nata na Linux a ƙarshen 2022, amma yana aiki ta burauza. A kamfanoni da yawa yanzu irin waɗannan ma'aikata su ne mafi rinjaye, kuma wasunsu za su yi mako guda kafin su lura cewa wani abu ya canza bayan launin fuskar kwamfutar.

Masu aikin takardu su ne a tsakiya. LibreOffice, jerin manhajojin ofis da ke aiki a Linux, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana da Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Tana buɗe fayilolin Microsoft tana kuma ajiye su a sigarsu. Wasiƙa, rahoto, jadawalin albashi, duk za ta yi su babu matsala. Inda ake samun tangarɗa shi ne takardar da ke kai-komo tsakanin kamfani da mutanen waje. Na taɓa zama kusa da wata sakatariya a wani ofis da ya ƙaura, ta buɗe takardar neman biyan kuɗi da suka shekara suna amfani da ita. A da shafi ɗaya ce cif. Yanzu layin jimla da wurin sa hannu sun zame zuwa shafi na biyu, tambarin kamfani ya hau kan adireshi. Ta gyara, ta aika wa abokin ciniki, shi kuma ya buɗe a Word ya ga ta sake karkacewa ta wani gefen. Ranar kusan kuka ta yi, kuma ba laifinta ba ne. Salon haruffan da aka rubuta takardar da shi, Calibri, babu shi a sabuwar kwamfutar, sai manhajar ta musanya shi da wani mai faɗi. Maganin bai kai minti biyar ba: akwai Carlito da aka ƙera daidai da faɗin Calibri, da Caladea daidai da Cambria, da jerin Liberation daidai da Arial da Times New Roman. Da an sa su tun ranar farko, an kuma koya mata ta riƙa aika abin da aka gama a sigar PDF, da ba ta ga wannan rana ba. Abin da ya dame ni shi ne daga ranar ta yanke cewa Linux ba ta da kyau, kuma duk ofishin suka bi bayanta.

Sai kuma teburin da ke hana ƙaura barci, wato na akanta. Kusan kowane kamfani da ya kwana biyu yana da wani fayil ɗin Excel da wani ma'aikaci ya gina shekaru da suka wuce, ya cika shi da ƙananan umarnin da ake kira makro, ya bar aiki, ba wanda ya san yadda cikinsa yake, amma da shi ake rufe lissafin ƙarshen wata. Calc tana fahimtar wani sashe na makron Excel, ba duka ba. Za a danna maɓalli, ko dai ya yi shiru, ko ya fitar da lamba da ba daidai ba, wanda ya fi muni. Rumbun bayanai da aka gina da Microsoft Access ma haka, ba ya ƙaura sai an sake gina shi. Photoshop da sauran manhajojin Adobe, da AutoCAD, babu na Linux. Yawancin manhajojin lissafin kuɗi da ake sakawa a kwamfuta don Windows aka yi su. Akwai madadi: GIMP da Krita da Inkscape a zane, FreeCAD a zanen injiniya, GnuCash ko Odoo ko ERPNext a lissafi da sito. Wasunsu suna da ƙarfi ƙwarai. Amma mai zanen da ya shekara goma hannunsa na kan Photoshop, kuma masu buga masa aiki fayil ɗin Photoshop suke karɓa, ba adalci ba ne a ce masa ya koma GIMP ranar Litinin.

Akwai dabarun rage zafi. Wata manhaja mai suna Wine tana iya tayar da wasu manhajojin Windows a cikin Linux, sai dai ba zan ɗora lissafin kuɗin kamfani a kanta ba, domin abin da ya yi aiki yau yana iya tsayawa bayan sabuntawa, kuma wanda ya sayar maka da manhajar zai ce ba ruwansa. Ana iya sa Windows a cikin Linux kamar kwamfuta a cikin kwamfuta, da VirtualBox ko KVM, amma lasisin Windows ɗin yana nan sai an biya, kuma tsohuwar na'ura za ta yi nishi. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a bar kwamfuta ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan Windows 11, waɗanda suke buƙata su zauna a kansu ko su shiga daga nesa.

Na'urorin da ke maƙale da kwamfuta su ma a duba su ɗaya bayan ɗaya. Firintocin zamani masu haɗuwa ta hanyar sadarwar ofis galibi Linux tana ganinsu da kanta ba tare da an sa direba ba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, kuma HP da Brother suna fitar da direbobin Linux. Matsalar takan fito ne daga sikana, firintar lakabin kaya, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta halartar aiki, da makullin USB da wasu manhajoji ko bankuna ke bayarwa. Abin daɗin shi ne gwajin ba ya cin komai. Ana sa Linux a filas, a tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba, a gwada firinta da sikana da kyamara da wayafai, a zare filas ɗin, Windows ta dawo yadda take.

Ta fuskar tsaro Linux tana da rinjaye, amma kada a zuzuta. Yawancin ƙwayoyin cutar kwamfuta da masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa Windows suke hari, saboda ita ce ta fi yawa a kan tebura. WannaCry ta watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, kuma kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba ta kama, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. A Linux ana sauko da manhajoji daga rumbu ɗaya da aka tantance, umarni ɗaya kuma yana sabunta komai da komai, ma'aikaci ba ya yawon intanet yana kwaso abin da bai sani ba. Duk da haka ita ma ta sha nata. Kafar tsaro da aka kira Heartbleed ta 2014, a cikin manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL, ta girgiza sabobin duniya, kuma a Maris 2024 an gano wata ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin manhajar xz, saura ƙiris ta shiga manyan rabe-raben Linux. Ma'aikacin da zai rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi kuwa, zai rubuta ta ko wace manhaja ce a gabansa.

Kula da kwamfutoci masu yawa a lokaci ɗaya wuri ne da Windows ta yi nisa. Active Directory yana ba mai kula da tsarin damar buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ya rufe na wanda ya tafi, ya hana sa filas a duk kwamfutocin kamfani, duk daga kujerarsa. Linux tana yin waɗannan duka: manhajar Samba tun sigar 4 ta 2012 tana iya tsayawa a matsayin Active Directory, kwamfutocin Linux suna iya shiga wanda ake da shi, Ansible kuma yana tura saiti ga ɗaruruwan na'urori. Bambancin shi ne a Windows kayan a haɗe suke zuwa, a Linux sai wanda ya iya ya harhaɗa. Kamfani mai kwamfuta takwas wannan bai dame shi ba. Mai ɗari biyu kuwa dole ya san wa zai riƙe wannan aiki, kuma wa zai karɓa in wancan ya tafi.

Labarai biyu daga Turai suna nuna yadda hanya take canza sakamako. Majalisar birnin Munik a Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, ta gina irin tata da ta kira LiMux, zuwa 2013 ta ƙaurar da kwamfutoci kusan 15,000. Amma ba ta taɓa rabuwa da Windows gaba ɗaya ba saboda manhajojin da suka ƙi ƙaura, ƙorafin musayar takardu da sauran hukumomi bai yanke ba, shugabancin birnin ya canza a 2014, sai ga shi a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jandarmomin Faransa kuwa ta ƙasa suka faro. Zuwa 2005 sun mayar da kowa kan OpenOffice alhali suna kan Windows. A 2006 suka kawo Firefox da manhajar imel ta Thunderbird. Sai a 2008 suka fara sauya babbar manhajar kanta zuwa GendBuntu, irin tasu ta nau'in Linux da ake kira Ubuntu, wadda yanzu take kan kwamfutoci sama da 100,000. Ranar da jandarma ya zo ya tarar da Linux a teburinsa, duk abin da yake dannawa ya riga ya san shi shekaru. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, da ta sanar a 2024 cewa za ta ƙaurar da kwamfutoci kusan 30,000, ita ma da LibreOffice ta fara.

In an yanke za a tafi, sai tambayar wace Linux, domin iri-iri ce. Ga kamfani, abin dubawa na farko shi ne shekarun da za a yi ana samun gyaran tsaro. Ubuntu ta kamfanin Canonical tana fitar da sigar dogon zango, LTS, a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, da tallafin shekara biyar, wanda ake iya kaiwa goma da Ubuntu Pro. Ita ce masu sayar da manhaja suka fi gwada kayansu a kanta, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ka ya rubuta maganinta. Linux Mint a kan Ubuntu LTS aka gina ta, fuskarta kuma ta fi kama da Windows: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Ga ƙaramin ofis da babu ma'aikacin kwamfuta na dindindin, ita nake zaɓa, sai dai babu kamfanin da za ka ƙulla yarjejeniyar tallafi da shi a bayanta. Debian, wadda ta faro tun 1993, ba ta da mai ita sai jama'ar da ke gina ta, tana da natsuwa ƙwarai, ta dace da saba da kuma hannun da ya ƙware. Red Hat Enterprise Linux da SUSE na masu son takardar yarjejeniya ne da lambar da za a kira in abu ya tsaya. Red Hat tana ba kowace babbar siga shekara goma. Fedora kyakkyawa ce amma kowace siga wata 13 kawai take samu, ba ta dace da teburin ma'aikata ba. A kuma tuna da abin da ya sami masu CentOS 8, wani nau'in Linux da aka gina daga Red Hat: suna zaton tallafi har 2029, sai aka sanar a Disamba 2020 cewa zai ƙare a ƙarshen 2021. AlmaLinux da Rocky Linux sun taso sun cike gurbin, amma waɗanda abin ya shafa sun sake ƙaurar da ba su shirya mata ba.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Kamfanin da rayuwarsa ke kan AutoCAD ko Adobe ko wata manhajar sana'a ta Windows, kuma yawancin ma'aikatansa a kanta suke wuni, ya zauna a Windows 11, ya sayi na'urorin da suka dace, ya kai Linux ɓangaren saba kawai. Kamfanin da aikinsa ya koma burauza, kamar wurin karɓar kiran abokan ciniki, ko kantuna masu manhajar ciniki ta intanet, ko ɗakin koyar da kwamfuta, ya ƙaura gaba ɗaya, zai ji daɗi. Mafi yawan kamfanoni suna tsakanin biyun nan, kuma su gauraya ce ta fi musu, ko da tana nufin kula da tsari biyu.

Ga waɗannan na tsakiya, a bi sawun jandarmomin. A sa LibreOffice da Firefox da Thunderbird a kan Windows ɗin da ake da ita, a sa haruffan da suka dace, a gyara takardun kamfani na dindindin su zauna daidai, a bar mutane su yi wata biyu ko uku a haka. Sannan a zaɓi mutum huɗu ko biyar daga sassa daban-daban a sauya musu, kuma kada a ɗebo masu son kwamfuta kaɗai, a haɗa da wanda ya fi kowa ƙorafi, domin shi zai tono abin da sauran za su yi shiru a kai. A kwafe fayilolin kowa a wuri biyu kafin a taɓa na'urarsa, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Kada a sa ranar sauyi kusa da ƙarshen wata ko lokacin rufe lissafin shekara. A makon farko a sami wanda zai riƙa zagayawa tebur-tebur, domin tambayoyin ƙanana ne, ina fayilolina suka shiga, yaya zan buga gaba da baya, amma in ba a amsa su cikin minti goma ba sai su zama ƙiyayya. Teburin akanta shi ne na ƙarshe. A bar shi a kan Windows 11 har sai an sake gina fayil ɗin nan nasa, an rufe lissafin wata biyu a jere da tsohon da sabon, an ga lambobin sun zo daidai.